Daga Bakin Kanal Zuwa Mafitsara: Darasin Jikin Ɗan Adam a Ƙasar Noman Rani

Ayyuka biyu aka yi a kudancin birnin Kano cikin shekarun 1970 waɗanda har yau ake cin moriyarsu, ko da yake ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta gina aka kammala a 1974. Ruwanta ya biyo kanal ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, har noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da albasa ya zama sana'ar dubban gidaje. Na biyu shi ne makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka buɗe a 1977 tare da takwararta ta Dawakin Tofa, saboda jihar ta duba ta ga ba ta da isassun 'ya'yanta a fagen likitanci da injiniyanci. Ɗaya ya kawo ruwa, ɗaya ya yaye samarin da da yawansu suka wuce jami'a suka zama likitoci. Wurin da ayyukan nan biyu suke haɗuwa shi ne cikin jikin yaron da ke ninƙaya a kanal da tsakar rana, wanda bayan 'yan watanni zai soma ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Wannan ita ce tsargiya. Ina ganin babu cutar da ta fi ta dacewa a koya wa ɗalibin likitanci na ƙasar nan tsarin jiki da aikin gaɓoɓi da ita, kuma ina ganin ainihin wannan ilimin bai kamata ya tsaya a ɗakin karatun jami'a ba, haƙƙin manomi da matarsa ne su ma su same shi.

Ɗalibin da ya sami gurbin karatun likitanci a Jami'ar Bayero, ko a Zariya ko a Sakkwato, ba ya taɓa majinyaci sai ya haye wani dogon tudu. Zai daɗe yana koyon tsarin jiki, wato inda kowace gaɓa take da abin da ke maƙwabtaka da ita, da kuma aikin gaɓoɓi, wato yadda kowacce ke gudanar da hidimarta. Zai haddace ƙasusuwa 206 na baligi, da sunayen tsokoki da jijiyoyi masu yawan gaske, yawancinsu cikin Latinanci. Ɗalibai da dama suna ɗaukar wannan zangon a matsayin hadda ta cin jarrabawa, wadda ake saukewa da zarar an shiga asibitin koyarwa. Ba laifinsu ba ne kacokan. Littattafan da suke karantawa a Ingila da Amurka da Indiya aka wallafa mafi yawansu, kuma misalan da ke ciki na cututtukan da suka fi damun mutanen can ne. Idan ɗalibi ya karanta bayanin curin jijiyoyin da ke zagaye da mafitsara, layi biyu ne ko uku a littafi, ba tare da wani dalilin da zai sa ya riƙe su ba. Amma a Kura waɗannan jijiyoyin su ne mazaunin tsutsar da ke zubar da jinin yara.

Tafiyar tsutsar daga fata take somawa. Ƙananan tsutsotsin da ido ba ya iya gani suna fitowa daga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, sun fi fitowa idan rana ta take, kuma kwana ɗaya ko biyu suke da shi su sami mutum ko su mutu. Ba sa buƙatar rauni ko tsaga. Suna fitar da wani sinadari da ke narkar da saman fata, cikin 'yan mintuna sun shige, sun yar da wutsiyarsu a waje. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba, wani ma ba zai ji komai ba. Daga nan tsutsar ta faɗa siraran jijiyoyin jini, kuma ba ta da wani zaɓi sai ta bi inda jini ya nufa. Duk jinin da ya gama zaga jiki ɓangaren dama na zuciya yake komawa, daga can a tura shi huhu ya ɗauki iska, ya dawo ɓangaren hagu, sannan a watsa shi ga sauran jiki. Wannan zagayen na huhu likitan nan Ibnu Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana shi tun kafin William Harvey na Ingila ya wallafa cikakken bayanin zagayen jini a 1628. Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya, wato kusan duk jinin da ke jikinsa. Ɗalibin da ya bi tsutsa ɗaya a wannan hanyar ya koyi ɗakuna huɗu na zuciya a jerensu, ya kuma gane dalilin da ya sa baƙon da ya shiga ruwan a karon farko yakan yi tari da zazzaɓi bayan 'yan makonni, alhali ciwon ta ƙafa ya shiga.

A jijiyoyin hanta tsutsar take girma. Hanta, wadda nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, tana da wani tsari na daban: kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shigarta daga hanji da saifa yake zuwa, ta wata babbar jijiya da ake kira jijiyar ƙofar hanta, ɗauke da abincin da hanji ya tsotse. A cikin wannan jini mai ƙoshi tsutsar ke balaga cikin mako huɗu zuwa shida. Namijin yakan kai tsawon santimita ɗaya da 'yan kai, macen ta fi shi tsawo da siranta, tana kwance cikin wani kwari da ke jikinsa, haka suke zama shekara da shekaru. Sai su ɗauki hanya suna bijire wa gudun jini. Jinsi ɗaya yana tsayawa a jijiyoyin hanji, ɗayan kuma, wanda ya fi yawa a ƙasar Hausa, yana gangarawa har ƙasan mara, inda jijiyoyin dubura da na mafitsara da na al'aura suke sarƙe da juna. Wanda bai san akwai wannan sarƙaƙiyar ba, ba zai taɓa gane yadda abin da ya girma a hanta ya ƙare a mafitsara ba, balle ya gane abin da ya haɗa cutar da mahaifa.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne tsutsar kanta ba ita ke yin mafi yawan ɓarnar ba. Tana lulluɓe jikinta da sinadaran jinin mai ɗauke da ita, garkuwar jiki ba ta cika gane ta ba, tana iya rayuwa shekara uku zuwa biyar, wasu ma fiye da haka da nisa. Ƙwayayenta ne matsalar. Macen tana saka su kullum a cikin siraran jijiyoyin bangon mafitsara, kowane ƙwai da ɗan tsini a ƙarshensa, kuma aikinsu shi ne su huda bangon su faɗa cikin fitsari su fita waje. Duk wanda ya huda sai ya bar ɗan rauni. Mafitsara jaka ce ta tsoka, tana iya riƙe kusan rabin lita, tana matsewa yayin da ake fitsari, kuma matsewar ta fi ƙarfi a ƙarshe. Shi ya sa jinin tsargiya a ɗigon ƙarshe yake fitowa, sa'ad da tsokar ta tatse raunukan. Likitan da ya san wannan, tambaya ɗaya za ta ba shi haske mai yawa: jinin a farkon fitsari yake zuwa, ko a gauraye, ko a ƙarshe? Na farko yana nuni ga hanyar fitar fitsari, na gauraye yakan nuna ƙoda ko wani abu a cikin mafitsara, na ƙarshe kuwa wuyan mafitsara da gindinta. Hausawa suka ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma a likitanci tsarin jiki shi ne ke nuna wurin bugun.

Ƙwayayen da suka fita su ne suke yaɗa cutar, amma waɗanda suka maƙale su ne suke nakasa mai ita, kuma suna da yawa. Garkuwar jiki tana ganinsu a matsayin baƙi, fararen ƙwayoyin jini su taru su kewaye kowanne, wurin ya kumbura, daga baya ya warke da tabo. Tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. A nan ne ilimin tsarin jiki yake bayyana abin da ido ba ya gani. Kowace ƙoda tana da kimanin ƙananan matatai miliyan ɗaya, su biyun suna tace wajen lita 180 na ruwan jini a yini, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ya zama fitsari. Fitsarin yana saukowa ta bututu biyu, kowanne tsawonsa santimita 25 zuwa 30, waɗanda suke shiga bangon mafitsara a karkace, ta yadda idan ta cika sai ta danne bakinsu da kanta, fitsari ba ya komawa sama. To, daidai wannan gindin mafitsarar, inda bututan suke shiga, yana cikin wuraren da ƙwayaye suka fi taruwa. Kowane mai ban ruwa a Bunkure ya san abin da ke faruwa idan bakin kanal ya toshe da ciyawa da laka: ruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, baya yake komawa, ya cika ya tumbatsa, ya nemi inda gaɓa ta yi rauni ya ɓalle. Haka fitsari yake yi idan tabo ya ƙuntata bakin bututun. Yana taruwa a sama, bututun ya buɗe, ƙodar ta kumbura, naman da ke tacewa ya riƙa sirancewa a hankali.

Abin tsoro a nan shi ne shirun da ƙoda take yi. An halicce ta da rarar ƙarfi, mutum yana iya rayuwa lafiya da guda ɗaya, saboda haka sai ɓarna ta yi nisa kafin a ga kumburin ƙafa ko kasala ko hawan jini. Ƙari a kan haka, jinin da ake gani a fitsari yakan ragu idan yaro ya zama saurayi, cikin dalilan har da cewa bangon mafitsara ya yi kauri da tabo, ƙwayaye ba sa iya hudawa kamar da. Iyali sai su ce ya warke. A wasu garuruwanmu ma ba a ɗaukar abin a matsayin ciwo tun farko, ana ganinsa wata alama ce ta girman ɗa namiji, tunda kusan kowane yaro a unguwa ya yi. Wannan fahimtar ba wauta ba ce, abin da ido ya gani aka gina ta a kai: jini ya zo a shekarun tasowa, ya tafi da kansa, yaro yana ta wasansa. Abin da ya ɓace a lissafin shi ne abin da ke gudana a ciki, kuma ba a rushe irin wannan fahimtar da faɗa ko da tsoratarwa, sai an nuna wa mutum hanyar da ke tsakanin mafitsara da ƙoda ya gani da hankalinsa. Ba duk mai ciwon ƙoda ne tsargiya ta jawo masa ba, hawan jini da ciwon suga suna gaba, amma wannan kaso nata ana iya tare shi tun a makarantar firamare, shekaru masu yawa kafin a kai ga layin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Akwai kuma sankara. Shimfiɗar cikin mafitsara idan ta shekara goma ko ashirin tana kumburi tana warkewa, ƙwayoyinta sukan sauya kama, daga nan wasu su rikiɗe su zama ciwon daji. Tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan jinsin tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A Turai sankarar mafitsara ciwon tsofaffi ce, galibi mashaya taba, kuma nau'inta daban. Rahotannin likitocin asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato sun nuna cewa a nan nau'in da ke da alaƙa da tsargiya yana da kaso babba, yana kuma kama mutane suna tsakiyar ƙarfinsu. A Masar, da aka rage tsargiya, an ga wannan nau'in yana ja da baya.

Mata su ne aka fi zalunta da rashin wannan sanin. Jijiyoyin da ke zagaye da mafitsara suna haɗe da na mahaifa da bakinta da farji, saboda haka ƙwayaye suna maƙalewa a can ma. Sakamakon shi ne ƙaiƙayi, da fitar ruwa, da ciwon mara, da zubar jini bayan saduwa, wani lokaci toshewar bututun da ƙwan haihuwa ke bi zuwa mahaifa, abin da kan kai ga rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. An ƙiyasta mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan a Afirka kudu da Sahara. Alamomin sun yi kama da na abin da muke kira ciwon sanyi, don haka mace takan shekara tana zarya tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, tana shan maganin da bai shafi ciwonta ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne zargi. Budurwar da ba ta san namiji ba, wadda laifinta bai wuce wanki a bakin kanal ba, ana iya yi mata kallon da zai ɓata mata suna, kuma matar aure ana iya sa mata ido ko a sa wa mijinta. Ma'aikacin lafiyar da ya riƙe darasin jijiyoyin ƙasan mara zai tambaye ta inda take wanki da ɗiban ruwa kafin ya yanke hukunci. Wanda ya haddace ya manta ba zai tambaya ba. Su ma maza ba su tsira ba, domin ƙwayayen suna kaiwa ga jakunkunan maniyyi, har a ga jini a cikinsa.

Jinsin da ke zama a jijiyoyin hanji shi ma yana nan a Arewa, ko da yake bai kai ɗan'uwansa yawa ba, kuma darasinsa a hanta yake. Ƙwayayen da ba su fita ta bayan gida ba jini yana kwasarsu ya mayar da su hanta, su maƙale a ƙananan rassan jijiyar ƙofa, tabo ya taru a kewayensu. Jini ya rasa hanya, ya koma baya, saifa ta kumbura har a taɓa ta a ƙasan haƙarƙarin hagu, ciki ya tara ruwa. Sai jinin ya nemi ɓarauniyar hanya ta siraran jijiyoyin da ke ƙasan bututun da abinci ke bi zuwa tumbi, waɗanda ba a yi su don ɗaukar wannan nauyin ba. Ranar da ɗaya ta fashe, mutumin da bai taɓa kwanciya ciwo ba sai ya yi aman jini, kuma yana iya rasa ransa kafin a isa asibiti.

Mai ƙalubalantar wannan ra'ayi zai ce jikin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, mafitsarar Bature da ta Bakano ba su da bambanci, don haka maganar koyar da tsarin jiki da cutar gida son kai ne kawai, kuma likitan da aka horar a Kano yana iya ƙarewa a Landan ko Jidda. Gaskiya ne jiki ɗaya ne, kuma ban ce a rage ko shafi ɗaya daga manhaja ba. Maganata a kan ƙofar shiga ce. Hankali yana riƙe abin da aka ɗaura shi da dalili, yana sakin abin da aka ba shi tsurarsa. Ɗalibin da ya bi tsutsa daga fata zuwa zuciya, zuwa huhu, zuwa hanta, zuwa mara, ya ratsa rabin manhajar a tafiya ɗaya, kuma abin da ya koya zai yi masa aiki a kowace ƙasa. Tarihin cutar ma shaida ne. Theodor Bilharz, likita Bajamushe, ya gano tsutsar ne a 1851 a asibitin Kasrul Aini na Alƙahira, a cikin jijiyar ƙofar hanta, yayin binciken gawa. A 1910 Marc Armand Ruffer ya sami ƙwayayenta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, masu shekara kusan dubu uku. A 1915 Robert Leiper ya tabbatar da rawar dodon koɗi wajen yaɗa ta a Masar. Dubban shekaru mutane suna ganin jinin, ba a san tushensa ba sai da aka duba ciki. Ga iyayen da ke ɗari-ɗari da ɗakin gawa inda 'ya'yansu ke koyon wannan ilimi, damuwarsu tana da tushe a girmama mamaci, kuma malamai sun duba ta: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta binciken gawa don koyon likitanci a 1987, bisa sharuɗɗan larura da kiyaye mutuncin gawar.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Magani yana nan, firazikwantel, wanda aka samar a Jamus a shekarun 1970. Ana shan sa sau ɗaya, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a makarantu ma da sandar awon tsayi ake ƙayyade yawan ƙwayoyin, kuma kamfanin Merck yana bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007. To, mene ne amfanin koya wa manomi labarin jijiyoyi, alhali ƙwaya uku ko huɗu sun wadatar? Amsar tana cikin aikin maganin kansa. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya cika kama waɗanda ba su balaga ba, ba ya hana sabon kamu, kuma ba ya goge tsohon tabon da ya riga ya ƙanƙame. Yaron da ya sha yau ya koma ruwa gobe ya soma sabon lissafi. Saboda haka dole a maimaita shi shekara bayan shekara, kuma mutane ba sa maimaita abin da ba su ga dalilinsa ba. Maganin yana da ɗaci, yakan sa jiri ko ciwon ciki ko amai, musamman idan an sha shi ba a ci abinci ba ko tsutsotsin suna da yawa. Uban da ya ga ɗansa ya fita lafiya ya dawo yana amai, idan ba a taɓa yi masa bayanin abin da ke mutuwa a cikin yaron ba, baɗi zai hana shi zuwa makaranta ranar rabo, kuma da wuya a ga laifinsa. Mun ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Masar ma ta bar darasi mai ɗaci: allurar tsargiya da aka yi wa jama'a da yawa kafin zuwan wannan maganin, da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba, ita ce ta yaɗa ciwon hanta nau'in C a ƙasar. Jama'ar da ta san abin da ake yi mata da dalilinsa ta fi iya karɓar na kirki, ta fi kuma iya tambaya idan an kauce.

Na uku, za a ce manomin shinkafa ba zai bar ruwa ba ko ya haddace littafin likitanci, domin abincinsa a ciki yake. Haka ne, kuma duk wanda ya ce laifin madatsar Tiga ne bai yi adalci ba. Tsargiya ta riga madatsar, tana nan a kududdufai da tafkuna tun kaka da kakanni. Abin da noman rani ya sauya shi ne lokaci: da can ruwa yana ƙafewa da rani, yaɗuwar cutar ta tsaya na wasu watanni, yanzu kuwa akwai ruwa mai tafiya a hankali da ciyawa a gefensa kusan duk shekara. An ga irin wannan a Gezira ta Sudan bayan madatsar Sennar ta 1925, da tafkin Volta na Gana bayan Akosombo a 1965, da garin Richard Toll na Senegal, inda jinsin hanji ya ɓarke jim kaɗan bayan kammala madatsar Diama a 1986. Amma akwai wata gaskiya guda da ke sauya lissafin manomi idan ya san ta: tsutsar ba ta hayayyafa a cikin jikin mutum. Ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa sai a ruwan daɗi, kuma abin da ya fito dole ya sami dodon koɗi cikin 'yan sa'o'i, ya ninka a cikinsa na makonni, kafin ya iya kama wani. Ma'ana kowace tsutsa da ke jikin mutum ta fata ta shigo, ɗaya bayan ɗaya, kuma tsananin ciwon ya danganta da yawansu. Saboda haka ragi ma riba ne. Takalmin roba lokacin dashe, da kauce wa wanka a kanal da tsakar rana, da ajiye ruwan wanka ya kwana biyu kafin a yi amfani da shi, duk suna rage yawan da ke shiga. Sannan da'irar tana da mahaɗa guda da ke hannun mutane gaba ɗaya, wato fitsari da bayan gida a cikin ruwa ko gefensa, abin da addini ma ya riga ya hana. Sauran aikin na hukuma ne. Japan ta kawar da cutar, kuma cikin abin da ta yi har da shafe magudanan gonakin shinkafa da siminti. Yashe kanal da cire ciyawa, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke ɗauka aikin noma, aikin lafiya ne kuma.

Inda aka fi barin giɓi shi ne waɗanda rabon makaranta ba ya kaiwa gare su: 'yan ƙwadagon dashen shinkafa, da masunta, da masu haƙar yashi a kogin Tamburawa, da almajirai, da 'yan matan da aka cire daga aji, da ƙananan yaran da ake yi wa wanka da ruwan kanal. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu buƙatar wannan magani, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta: duk al'ummar da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa magani duk shekara daga ɗan shekara biyu zuwa sama, manya da mata masu shayarwa duka, har da masu ciki bayan wata ukun farko. Kafin a san ko gari ya kai wannan mizanin sai an auna, kuma awon ba ya buƙatar babban asibiti. Madubin likita ne, da ɗan matacin fitsari ko tsinken gwajin da ke nuna jinin da ido ba ya gani, da ma'aikacin da ya san cewa ƙwayaye sun fi fita tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana. A yawancin gwaje-gwaje fitsarin asuba ake nema, kuma ma'aikacin da ya bi wannan al'adar a ƙaramin asibitin Kura ko Dawakin Kudu yana iya sallamar yaro mai ɗauke da tsutsa da takardar da ta ce ba a ga komai ba.